Zoɓo a Kwalbar Fada

…kuma wallahi, Badaruddeen, ko Alƙur'ani na dafa maka ba za ka yarda ba. Kai da kullum kake cewa rabin zancena iska ne. To yau ka ce dukansa iska ne, ban damu ba. Ni dai ga ni tsaye a bayan tagar cocin Unguwar Ɗorawa, can bayan Kutama, babur ɗina na jingine da bishiya, dawa ta kewaye mu har ta fi ni tsawo, ina jiran dariyar da na yi muku alkawari jiya a tasha. Dariyar ta ƙi zuwa.

Coci ma dai… ɗakin ƙasa ne da rufin kwano. Bencina kaɗan, sauran duk tabarma. Masallacin layinmu ya ninka shi. Amma ka ga mutane? Tun hantsi suke ɓullowa daga cikin dawa, ƙafafu duk taɓo, mata da goyo, wani tsoho an ɗauko shi a amalanke. Tun farkon damina rabonsu da Fada, limaminsu, rafi ya yanke hanya. Yau ya zo. Kuma ba wanda ya karya a cikinsu, har tsofaffin — ba dole aka yi musu ba, sun ce haka suka taso.

Ga Baba Nomau can gaba. Ka san shi ai, dattijon da nake ɗaukowa ranar kasuwa, mai ɗingishi, mai farar riga ɗaya tilo. Shi ne katikis ɗinsu, wato mai riƙe musu coci da karantar da su idan Fada ba ya nan. Abokin marigayi babana. Shanun huɗa ɗaya suka yi tarayya a kai, wannan ya yi sallarsa a bakin gona, wancan ya jira shi a gindin marke. Da baba zai rasu, hannun Baba Nomau ya kama ya ɗora a kaina…

Bari wannan. Ba shi na zo tunawa ba.

Ni ne fa Mijinyawa. Ni na ɗaure akuyar hedimasta a kujerarsa, na sa mata hularsa. Ni na yi kiran sallar la'asar da muryar liman alhali yana tsakiyar cin tuwo, ya fito yana neman kansa. Aji uku na tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, su ne dai ba su da haƙuri. Duk tashar Gwarzo wa ya kai ni? To ni za ka kalla a gaban 'yan acaɓa ka ce mini ɗan dakon giya?

Kai ka jawo. E, kai.

Saƙo ne kawai. Baba Nomau ya ce mota za ta zo da shi daga Kano, kwalba ce naɗe a tsumma, ta ibadar gobe ce, in riƙe ta kamar jariri. Kai ka warware tsumman, kai ka buɗe murfin, ka shinshina, ka yi tsalle baya kamar ka ga maciji. Ka ce mai sha da mai ɗauka duk layinsu ɗaya. Kowa ya tuntsire. Har mai shayi. Ni kuma bakina — wannan bakin — ya ce ku saurara, gobe sai na sa ƙauye guda sun bugu da zoɓo. Za su sha, su ɗauka giyar Fada ce, su tashi suna tangaɗi, ni kuma ina taga ina ƙirga masu faɗuwa. Kuma lada zan samu, na raba su da haram.

Lada…

A ramin tururuwa na tuttular da ita, gindin wata tsamiya. Ja wur, ƙasa ta shanye nan take. Ƙamshinta ya taso, ba irin warin da nake zato ba, kamar dabino ya jiƙa. Na koma gida, bokitin Inna na nan a rufe, zoɓon da za ta ƙulla na kasuwa. Na ga bai kai duhun waccan ba, na tsoma hannu na matse ganyen, na matse, na matse, har ya yi kauri. Kwalbar baƙa ce, wa zai gane? Kafin magariba na miƙa wa Baba Nomau. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ce in gaida Zinnira, wato Innata.

Suna waƙa yanzu. Da Hausa fa, Badaruddeen, Hausarmu. Ganga ɗaya, da ƙwarya, da muryoyin mata. Kwanon rufin har rawa yake. Me ya sa tsigar jikina ke tashi? Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, abin da aka haramta an haramta, ba ni da shakka ko ɗaya. To me ya kawo tsigar jiki?

A kan babur Baba Nomau yake ba ni labarin. Bakinsa a kunnena, iska na kwashe rabi. Ni na tsokane shi wata rana, na ce Baba, wane irin addini ne wannan da giya a tsakiyar ibada? Na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi har babur ya karkace. Ya ce tambayar ta girme ni, ta girmi kakan kakana, su ma manyansu sun daɗe suna kokawa da ita.

Wai tun farko, can ƙasashen da abin ya faro, ruwan inabi abinci ne, kamar fura a wurinmu. Manyansu ba su taɓa cewa shi kansa abin shan mugu ba ne, tunda Allah ya halicci inabin. Abin da suka ce babban zunubi shi ne mutum ya ɗauki hankalinsa da hannunsa ya jefar. Hankali amana ne, in ji shi. Wai a zamanin da, limamin da aka kama a buge sai a dakatar da shi, ya yi ta azumi da busasshen burodi da ruwa har sai ya dawo mutum. Wai akwai wani tsohon waliyyinsu da ya tara masu ibada a gida guda, ya ce da son samu ne kada kowa ya ɗanɗana, amma tunda ya ga ba za su ji ba, sai ya auna musu ɗan mudu a rana. Nan na yi dariya, na ce Baba, har waliyyin ya gaji da ku ke nan. Ya ce ai shi ya sa ya zama waliyyi, ya san mutum.

Kuma wai — wannan ne ya kamata in tuna jiya, me ya sa ban tuna ba? — wai an taɓa yin wasu masu tsananin tsoron Allah da suka ce su ruwa zalla za su zuba a kofin ibada, don gudun giya. Manyan suka ce a'a. Abin da aka bar musu shi za su riƙe, ba za su canza don sun fi kowa tsarki ba. Inabi ko babu.

Inabi ko babu. Ya faɗa mini. Daidai kwanar Garo ya faɗa mini, ina kauce wa rami.

An daina waƙa. Fadan yaro ne ashe, bai fi ni da yawa ba, siriri, takalminsa duk laka a ƙarƙashin farar rigar. Hausarsa da ɗan karkace irin ta mutanen kudancin Kaduna. Yana magana, suna amsawa baki ɗaya kamar an auna. Ga kwalbar can a kan ɗan tebur, cikin tsummanta. Kwalbata.

Ina randar? Ina ƙoƙunan da za a rarraba? Ni na ɗauka layi za a yi, kowa ya kurɓa…

Mutanen Baba Nomau masu dafa burukutu ne tun asali, shi ya faɗa da bakinsa. Biki da ita, mutuwa da ita, gayya a gona da ita. Da masu mishan suka zo, wasu suka ce a fasa tukwane kaf kafin a yi maganar Allah. Fararen Fada kuwa suka ce tukunya ta zauna, amma ba a ɗora ta ranar Lahadi, ba a shigo coci da warinta, wanda kuma ya bugu ya daki matarsa ba zai matso gaban bagadi, teburin ibadarsu, ba sai ya je ya durƙusa ya faɗi laifinsa. Wai su fararen daga wata ƙasa suka fito da giya ta kusa cinye ta, har wani limaminsu ya bi gari gari yana rantsar da mutane su bar ta gaba ɗaya. Ba dole ba. Wanda ya ga shi ba zai iya tsayawa a ƙoƙo ɗaya ba, shi yake zuwa da ƙafarsa. A ba shi ɗan ƙarfe mai hoton zuciya ya maƙala a ƙirji.

Ga shi can a rigar Baba Nomau. Ɗan mitsitsi, fentin duk ya goge. Ya girme ni, ƙarfen nan.

Na ce to Baba, tunda an halatta muku, kai me ya hana ka? Muka wuce gonar rake, muka wuce gada. Har na ɗauka iska ta kwashe tambayar. Sai can ya ce ka san Tanko ƙanena? Na ce mai ido ɗaya? Ya ce da biyu aka haife shi.

Ranar wani biki ne. Ƙotar fartanya ya sauke wa Tanko, yana buge. Bai ma tuna abin da ya haɗa su ba, da safe aka ba shi labari. Ya tafi da ƙafa har inda farin Fada yake, ya durƙusa, ya ce a rantsar da shi. Fadan ma ya ce ya je ya yi tunani tukuna, rantsuwa ba wasa ba ce. Ya ce ya gama tunani a idon Tanko.

Ga Tankon can, bencin gaba, gefen dama. Ya tsufa shi ma. Kullum nan yake zama, in ji Baba Nomau, inda idon mai gani zai riƙa kallon yayansa.

Yanzu ne. Yanzu. Baba Nomau ya ɗauki kwalbar, yana warware tsumman. Zai gane… dole ya gane, citta da kanumfari ai ko daga nan ina jin — a'a. Dubi. Ya kau da fuska gefe, ya ɗauke numfashi, ƙirjinsa ya tsaya cak. Haka yake yi. Na manta, wallahi na manta ya gaya mini. Duk shekarun nan shi ke zuba wa Fada, kuma bai taɓa bari ƙamshinta ya shiga hancinsa ba. Ya ce hanci ƙofa ne. Da hannunsa yake ɗaukar abin da ya fi tsoro a duniya, ya tsiyaya a 'yar butar gilashi, ya miƙa, ya rufe, sannan ya yi numfashi.

Mutum ya yi haka shekara da shekaru? Ba mai gadinsa? Kwalba na kwana a ɗakinsa, shi da ita, ƙofa a rufe?

Ni da ko ƙosai aka aike ni sai na rage.

Fada ya karɓa. Ya zuba a kofi. Ke nan? Wannan ɗan? Ko cikin cokalin miya bai kai biyu ba. Ya ɗiga ruwa a kai, ɗigo. Shi ke nan giyar da ƙauye guda zai bugu da ita? Kuma shi kaɗai zai sha, su ɗan farin abin nan kamar waina marar kauri suke jira… To su wa zan ƙirga? Wa zai yi tangaɗi? Duk wannan tafiya cikin taɓo, duk wannan yunwa, a kan cokali biyu?

Ya ɗaga kofin. Ya tsaya.

Ya sauke. Ya kai hanci. Ya ɗauki 'yar butar, ya ɗiga a tafin hannunsa, ya lasa.

Ka taɓa jin shirun mutum ɗari, Badaruddeen? Ba irin na masallaci ba idan liman ya yi kabbara, wannan ka san abin da ke biye. Wannan shirun ba shi da gaba. Har kukan kurciya nake ji daga cikin dawa. Har zuciyata.

«Wannan ba ruwan inabi ba ne.»

A hankali ya faɗa. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi ihu.

Yana tambaya ko akwai wani. Babu. Daga ina? Wata tsohuwa daga baya tana cewa akwai burukutu a maƙwabta, sabon dahuwa, a aika a karɓo. Ba wanda ya yi dariya, da gaske take. Fada ya girgiza kai. Ya ce ba don tana bugarwa ake sa ta ba, Mama, don inabi ce. Ya ce ba shi da ikon canzawa, wanda ya naɗa shi ma ba shi da shi. Za su yi addu'a, zai sa musu albarka, amma hadaya, babbar ibadar da ta tara su, ba za ta yiwu yau ba. Kuma da azahar ana jiransa a wani ƙauyen. Sai bayan girbi, in Allah ya kai mu.

Tsohon cikin amalanke zai kai girbi?

Ba su tashi ba. Ba wanda ya ce a yi haka nan mana, ja ja ne, wa zai sani? Ni da haka zan ce. Kai ma haka za ka ce. Su sun zauna da yunwarsu sun yarda a fasa. A kan abin da wasu tsofaffi suka yanke a wata ƙasa da ba su taɓa gani ba, tun kafin a gina Gwarzo…

Sai raɗa. Daga bencin maza ta faro. A ina kwalbar ta kwana? Wa ke da mabuɗi? Idan zoɓo ne a ciki, na cikin ina ya tafi? Kawuna na juyawa, ɗaya bayan ɗaya, duk wuri guda. Ba taga ba. Ba ni ba.

Shi.

A'a. A'a, ku tsaya, ba haka aka tsara ba. Dariya ce kawai, dariyar tasha…

Tanko ya juyo da dukan jikinsa, don idon ya samu yayan sosai. Fuskarsa ba fushi. Da fushi ne da sauƙi. Kamar mutumin da ya daɗe yana jiran wani abu, yana roƙon kada ya zo, ga shi ya zo.

Baba Nomau ya sani. Dole ya sani, hannu biyu kawai kwalbar nan ta bi, nawa da nasa. Ya san ina nan ma, ni na kawo masa batirin lasifika da safe, ya ga inda na jingine babur. Ɗaga ido kawai zai yi. Kalma ɗaya. Mijinyawa. Kowa ya san halina, ba wanda zai yi musu, har awaki za su ba da shaida.

Faɗi mana, Baba. Faɗi.

«A hannuna take,» in ji shi. «Ni aka ba wa amana.»

Me ya sa? Don baba? Don hannun da aka ɗora masa a kaina? Ko kuwa… ya Salam. In ya ambaci sunana a cikin ɗakin nan, kafin la'asar magana ta kai Gwarzo, kuma ba a yadda ta fita za ta isa ba. Ɗan Musulmi ya wulaƙanta ibadar Kirista. Kirista sun yi wa ɗan Musulmi sharri. Sun sa shi dakon giya. Samarinsu, samarinmu. Mutanen da ke aron gishiri a junansu ta kan dannin kara. Ya auna duk wannan a tsakanin numfashi biyu, ya ga sunansa ya fi araha.

Hannunsa na tafiya ƙirji. Yatsunsa na laluben allurar ɗan ƙarfen. Zai cire. A gaban Tanko zai cire. Abin da bai sha ba…

Ƙafata, motsa mana. Babur na nan, mabuɗi a aljihu, in na bi ta cikin dawa ba wanda zai — ko in leƙa in ce — me zan ce? Ni da magana ba ta taɓa ƙare mini ba. Ni da na yi muryar liman. Ina muryata?

Wata ta miƙe a ɓangaren mata. Inna Marka, matar Baba Nomau. Gajeruwa, ɗankwali a karkace. Ita ce fa ta fi kowa iya dahuwar burukutu a yankin nan a da, ranar da mijinta ya rantse ta kife tukwanenta ta koma ƙuli-ƙuli, ba wanda ya ce ta yi. Tana tafiya gaba, ba ta nemi izini ba. Ta ɗauki kwalbar. Ta kurɓa. Tana juya shi a baki, ido a rufe.

Citta. Kanumfari. Da ɓawon abarba — Inna kaɗai ke sa ɓawon abarba, duk kasuwar Gwarzo an sani, kuma wa ke zama kusa da ita ranar kasuwa da tiren ƙuli-ƙuli?

«Bar ƙarfen nan a inda yake, Nomau. Zoɓon Zinnira ne.»

Ba ta ko neme ni ba. Kai tsaye ta kalli tagar, kamar tun ɗazu ta san da ni.

Ta fito. Ina jin takunta tana zagayo ɗakin. Gudu, Mijinyawa. Ka tsere wa hedimasta, ka tsere wa liman da sandarsa, tsohuwa ce fa… Ƙafafun sun ƙi. Ta iso. Ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta kama wuyan hannuna, ta juya tafin sama.

Ja. Cikin farce, cikin layukan tafi. Na wanke da sabulu, na yi alwala da shi har sau nawa tun jiya, bai fita ba.

Ba ta mare ni ba. Ta daɗe tana kallon hannun.

«Ɗan Zinnira, da bakinka ka iya ba da labari, kowa ya sani. Zo ka ba da wannan.»

Tana ja na. Ga ƙofar. Ban taɓa shiga ba, Badaruddeen, ko sau ɗaya, a bakin ƙofa nake ajiye Baba Nomau in juya. Duk sun waiwayo. Fada da kofinsa a hannu. Idon Tanko ya bar yayansa ya dawo kaina, ashe haka yake da nauyi. Baba Nomau kuma, yatsunsa har yanzu a kan ƙarfen, rabi a cire rabi a maƙale, yana girgiza mini kai a hankali — kada ka shigo, yaro, tafi — har yanzu, har yanzu ni yake karewa…

Na sunkuya ina cire takalmi. Su duk da nasu a ƙafa. Ban san me ya sa nake cirewa ba. Igiyar ta ƙulle, yatsuna ja, sun kasa kwance ta, kuma suna jira, dukansu suna jira, ba wanda ya ci komai tun safe…

Ta ina zan fara?